An sa wa maigidana ƙarfe a cinya, aka sallame mu ba kafso ba allura

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Rigasa, 'ya'yanmu uku. Kwana goma sha biyu ke nan da mota ta buge maigidana a kan babur a titin baifas yana dawowa daga kasuwa, ƙashin cinyarsa ta dama ya karye. Fatar wurin ba ta fashe ba. An yi masa aiki an sa ƙarfe, bayan kwana biyar aka sallame mu. Maganin rage zafi da na ƙarin jini kawai aka rubuta mana, aka ce mu koma idan aikin ya cika mako biyu a cire zare. Hajiyarsa ta ce ba ta taɓa jin inda aka yanka mutum aka sa masa ƙarfe aka sallame shi ba kafso ba allura ba, an dai ga ba mu da kowa ne. Ƙanenta ya rasa ƙafa shekarun baya bayan karaya ta ruɓe masa. Ta je kemis ta sayo Ampiclox kati huɗu da wasu allurai, ta shirya da yaron kemis ɗin zai riƙa zuwa yana yi masa har kwana bakwai. Shi maigidan ya ce duk yadda muka yi daidai ne. Na ajiye su a durowa na ce sai na yi tambaya, tun daga ranar da ƙyar take amsa gaisuwata. Ciwon a bushe yake, ba ya zazzaɓi. Ina tsoron in hana wani abu ya faru a ce ni ce sila, ina kuma tsoron in ba shi abin da likita bai rubuta ba. Shin sakaci aka yi mana?
Ƙanwarki daga Rigasa

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba maigidanki lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Bari in fara sauke miki nauyin da ya fi danne ki. Abin da kika yi na ajiye magungunan nan a durowa daidai ne, ki bar su a nan. Yadda kika kwatanta kuma, karaya a rufe, ciwo a bushe, babu zazzaɓi, sallama ba tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ba alamar raini ba ce. Haka ƙa'idar aikin take a yanzu, ga mai kuɗi da talaka.

Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin tiyata, kuma akwai abin da dangin marar lafiya ba sa gani saboda suna zaune a benci a waje suna jan carbi. Bayan an shigar da mutum an kwantar da shi, kafin likita ya ɗora wuƙa, mai ba da maganin barci ko na kashe jiki yakan zuƙi wani magani a sirinji ya tura ta robar ƙarin ruwan da ke hannunsa. Minti kaɗan ne an gama. Wannan shi ne maganin da Hajiya take nema, kuma a lokacin ne yake da amfani. Wanda littattafai suka fi ambata sunansa sefazolin, giram 2 ga babban mutum, a cikin awa ɗaya kafin yanka. A asibitocinmu na nan sau da yawa ɗan uwansa seftirayazon ake samu a yi amfani da shi. Idan aikin ya ja ya haura awa huɗu, ko jini ya zuba da yawa, akan maimaita sefazolin ɗin a kan tebur. Wasu likitocin su ƙara allura ɗaya ko biyu a cikin awa 24 na farko, daga nan a tsaya.

Ki dubo takardar kayan aikin da aka ba ku kuka sayo kafin tiyata, ko rasit ɗin kantin maganin asibiti idan kin adana. Ki tuna ko akwai wasu 'yan kwalabe masu farin gari a ciki da ake haɗawa da ruwa. Ranar cire zare kuma ki tambayi likita kai tsaye: wane maganin ƙwayoyin cuta aka ba shi lokacin aiki? Ana rubuta sunansa da lokacin da aka yi shi a fayil. Haƙƙinku ne ku sani, ba rashin kunya ba ce.

Me ya sa sai a wannan ɗan lokacin? Fatar kowane ɗan Adam, komai tsabtarsa, akwai ƙwayoyin cuta zaune a kanta. Akwai wata mai suna istafilokokus da kusan mutum ɗaya cikin uku ke ɗauke da ita a hanci ko a fata ba tare da ta yi masa komai ba, saboda fata katanga ce. Ana wanke wurin aiki da magani, ana shimfiɗa tsabtatattun mayafai, ana dafa kayan aiki, duk da haka idan aka tsaga fata 'yan kaɗan za su iya kutsawa. Abin da ake so shi ne su tarar da magani ya riga su isa, yana cikin jini da tsoka yana jiransu a bakin ƙofa, su mutu kafin su sami wurin zama. Ƙofar a buɗe take daga yanka zuwa ɗinki. Da an rufe, fatar takan fara haɗe bakinta cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Tun ran gini tun ran zane, in ji masu iya magana. Maganin da aka kawo bayan kwanaki da rufe ƙofa ba rigakafi ba ne kuma.

Ba ra'ayina nake faɗa miki ba, an auna abin. A 1992 an buga wani bincike da aka yi a wani asibiti a birnin Salt Lake na Amurka a kan mutum 2,847 da aka yi wa aiki iri-iri. Waɗanda aka ba maganin cikin awa biyu kafin yanka, kimanin 6 cikin 1,000 ne ciwonsu ya kamu. Waɗanda aka ba bayan an wuce awa uku da fara aiki, 33 cikin 1,000. Waɗanda aka yi gaggawar ba su tun da sauran awanni da yawa, 38 cikin 1,000. Kin ga tasirin bambancin lokaci. A kan karaya kuwa, irin ta mijinki, an yi babban gwaji a ƙasar Holan da aka buga a 1996, mutum 2,195 masu karaya a rufe da aka yi wa aiki. An ba rabi allura guda ɗaya tak kafin aiki, rabi ba a ba su ba. Cikin waɗanda aka ba, kashi 3.6 cikin ɗari suka sami kamuwar ciwo, cikin waɗanda ba a ba ba kashi 8.3. Allura ɗaya ta rage abin da fiye da rabi. Da aka gwada ci gaba da ba da magani kwanaki bayan aiki a gwaje-gwaje daban-daban, ba a ga ya ƙara kare kowa ba. Shi ya sa a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa a ba da shi kafin yanka, kada a ci gaba da shi bayan an gama aiki da sunan rigakafi.

Gaskiya ce har yanzu za ki ga wanda aka yi wa irin aikin nan aka haɗo shi da kafso na kwana biyar ko bakwai, kuma a nan Hajiya ta samo ma'auninta. Wani likitan ya ga dalili ne a jikin marar lafiyar, wani kuma tsohon sabo ne da bai saki ba. Ko wanne ne, wanda ya buɗe ƙafar ya ga cikinta shi ke da wannan hukuncin. Yaron kemis bai ga komai ba.

Za ki iya cewa, to Anti, in bai yi amfani ba ai ba zai cutar ba, me zai hana a ba shi a zauna lafiya da Hajiya? Nan ne nake so ki tsaya da ni, don yana cutarwa.

Ƙarfen da ke cikin cinyarsa ba nama ba ne, jini ba ya bi ta cikinsa. Idan ƙwayoyin cuta suka sami damar manne masa, sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi, kamar gansakukar da ke fitowa a jikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Zuba wa randar nan sabon ruwa ba ya cire gansakuka, sai an sa hannu an goge. Haka ma kafso ba ya ratsa wannan yauƙin yadda ya kamata. Abin da yake yi shi ne ya kashe na gefe-gefe, ja ya ragu, zazzaɓi ya sauka, kowa ya ce alhamdulillahi, alhali can ciki abin yana cin ƙashi a hankali. Na ga wannan da idona a wani asibiti da na yi aiki. Wani matashi ne aka sa wa ƙarfe a ƙwauri, ciwon ya fara ɗan tsattsafo da ruwa bayan ya koma gida. Maimakon ya dawo, sai aka riƙa saya masa kafso, in ya bushe a tsaya, in ya dawo a sake saya. Sai da aka yi watanni kafin a kawo shi, mugunya na fita ta wata 'yar ƙofa, ƙashin bai haɗe ba. Da ya zo a makon farko, wataƙila wanki ɗaya a tiyata da maganin da ya dace sun wadatar. Sai da aka cire ƙarfen aka kankare mataccen ƙashi, aka shiga da shi tiyata fiye da sau ɗaya. Har yau ina tuna mahaifiyarsa tana cewa ai ba su taɓa barinsa ba magani ba. Gaskiya ta faɗa, kuma ƙauna ce ta sa. Shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Akwai kuma wata ɓarnar. Idan ciwo ya kamu, likita yakan ɗebi ruwan ko naman wurin a kai ɗakin gwaji a shuka, a ga wace ƙwayar cuta ce kuma wane magani take ji. Wanda ya sha kafso kwanaki kafin nan, sau da yawa gwajinsa ba ya nuna komai, sai likita ya koma lalube cikin duhu. Sannan ƙwayoyin da suka sha magani kaɗan-kaɗan ba su mutu ba, su ne ke rikiɗa su daina jin magani gaba ɗaya. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi ƙamari idan aka kwatanta da yawan jama'a. Duk katin kafson da aka sha ba dalili yana ƙara wa wannan wutar ice, kuma mutumin farko da take ƙonawa shi ne wanda ya sha.

Allurar nan ta fi damuna ma. Ba ki faɗi sunanta ba, amma wadda aka fi yi wa mutane a irin wannan hali, jentamaisin, tana iya taɓa ƙoda, tana iya taɓa ji, kuma kurumtar da take jawowa ba ta cika warkewa ba. A asibiti ana lissafa ta da nauyin mutum, ana duba lafiyar ƙodarsa. Mutumin da ya zubar da jini, yana kuma shan maganin rage zafi, bai kamata a yi masa ita kwana bakwai da ka ba. Ampiclox ɗin ma dangin fenisilin ne, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa, daga ƙuraje har kumburin maƙoshi da sarƙewar numfashi, ban da gudawa. Ki yi tunanin gudawa ga mutumin da sai an tallafe shi yake zuwa bayi.

To me za ki yi maimakon haka? Aikinki ido ne. Duk safiya ki dubi bandejin da fatar da ke kewaye da shi a cikin haske. Idan kika ga wurin ya yi ja yana faɗaɗa, ko ya ɗau zafi ya kumbura, ko ruwa ko mugunya na ɓullowa, ko ɗinkin ya buɗe, ko zafin da ya fara lafawa ya dawo yana ƙaruwa musamman da dare, ku koma asibitin da aka yi aikin a ranar, kada ku jira ranar da aka rubuta a kati. Ki sayi ma'aunin zafin jiki, ba shi da tsada. Idan ya kai digiri 38 ko yana rawar ɗari, kada ku ce maleriya ce ku wuce. Na san halinmu a Kaduna, kowane zazzaɓi na sauro ne. A yi gwajin maleriyar, amma a gaya wa mai dubawa cewa akwai ƙarfe a jikinsa, kuma likitan ƙashi ya ga ƙafar. Wannan sa idon ba ya ƙarewa ranar cire zare, ki ci gaba da shi aƙalla wata uku. Abu ɗaya kuma da ba na ƙwayoyin cuta ba amma ba zan tsallake shi ba: idan sha-raɓarsa ta kumbura tana ciwo, ko ya ji ciwon ƙirji ko numfashi ya yi masa wuya, gudan jini ake tsoro. Wannan ko tsakar dare ne a nemi mota.

Kada a buɗe bandeji don masu dubiya su gani. Kada a fasa kafso a barbaɗa garin a kai, kada a shafa man kaɗanya ko man zafi ko wani ƙulli a bakin ɗinkin, kada a gasa shi da ruwan zafi. Duk mai taɓa wurin ya wanke hannu da sabulu. Idan yana shan taba ko shisha, yanzu ne lokacin bari, don hayaƙin yana rage jinin da ke zuwa wurin, yana jinkirta haɗewar ƙashi. Idan yana da ciwon suga a riƙa aunawa, suga mai hawa abokin kamuwar ciwo ne. Ya ci wake, ƙwai, kifi, nama, nono, zogale, gwargwadon abin da Allah ya hore. Ƙashin cinya yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya haɗe sosai, don haka kada ya taka sai yadda likita ya ce.

Saboda sauran masu karatu, dole in bambance wani abu, kada wani ya ɗauki maganata ya kai ta inda ba wurinta ba. Duk wannan a kan karayar da fata ba ta fashe ba ne. Idan ƙashi ya huda fata, ko akwai rauni a kan karayar komai ƙanƙantarsa, irin wanda ake yawan gani a haɗarin babur da na hanyar Zariya da ta Abuja, to ƙasa da datti sun riga sun shiga. Wannan ana so a yi masa allurar maganin tun a awa ta farko in da hali, a yi ta tetanus, a shiga tiyata a wanke, kuma akan ci gaba da maganin kwana ɗaya zuwa uku gwargwadon munin raunin. Irin wannan ba ta gidan mai ɗori ba ce. A rufe da tsumma mai tsabta a nufi babban asibiti, ga Barau Dikko a cikin gari, ga na koyarwa a Shika, ga na ƙashi a Dala ta Kano. Ba mamaki irin wannan ce ta sami ƙanen Hajiya, don ita ce ta fi ruɓewa idan aka ɗaure ta da datti a ciki.

Yanzu ga Hajiya. Ƙanwata, kada ki ɗauke ta abokiyar faɗa. Matar da ta ga an yanke wa ƙanenta ƙafa, yau ga ɗanta kwance da karaya, ba da ke take yi ba, da waccan ranar take yi. Ta cire kuɗinta ta sayo abin da ta sani yana hana ruɓa. Tsoronta na gaskiya ne, hanyar ce kawai ba ita ba.

Kada ki yi mata ƙarya ki ce kina ba shi alhali ba kya ba shi. Ranar da ta gano, amana ta tafi, kuma idan wani abu ya taso za ta gaya wa likita cewa ya sha magani, a gina hukunci a kan abin da bai faru ba. Kada kuma ki tsaya kina yi mata bayanin likitanci, daga bakin suruka zai zama gardama ko da gaskiya ce. Wannan magana ta ɗanta ce. Ki same shi ku biyu, cikin natsuwa, ki gaya masa cewa "duk yadda kuka yi" ɗin nan ya bar ki ke kaɗai a tsakiyar rana. Ƙafarsa ce, mahaifiyarsa ce. Shi zai ce mata, "Hajiya, na gode, Allah ya saka da alheri. Ba zan sha abin da likita bai rubuta ba sai ya gani. Ki zo mu je tare ki tambaye shi da bakinki." Jumla uku ne, kuma daga bakinsa ba za su yi mata ɗaci ba.

Ranar komawa asibiti ku tafi da ita, ku tafi da ledar magungunan yadda take. Ki bar ta ta shiga, ta ba likita labarin ƙanenta, ta ga ciwon da idonta lokacin da aka buɗe. Na sha ganin uwa ta shigo da fushi ta fita tana sa albarka, don kawai an ba ta kujera an saurare ta. Idan kwanakin da suka rage sun yi mata nisa, ba laifi ku je kafin ranar, ko wani ya kai ledar ya nuna a asibitin.

Kafin nan ki ba ta abin riƙewa. Ki nuna mata alamomin da na lissafa, ki ce, "Hajiya, idonku ya fi nawa, ku taya ni dubawa." Ki roƙe ta farfesun ƙafar saniya ko na kifi daga hannunta, ki roƙe ta addu'a. Gaisuwa kuma kada ki fasa, ki durƙusa ki gaishe ta safe da yamma ko da da ƙyar take amsawa. Shi kuma yaron kemis, maigidanki ya kira shi da kansa ya ce an dakatar da maganar allura sai an ga likita.